Kyandir Ya Zama Ruwa

A gidanmu ni kaɗai ce ban iya ciniki ba. Kakanmu ya shigo Injamena da huhunan goro tun zamanin Faransawa, ya kafa gida a unguwar Ambasatna, kuma tun daga kansa har jikokinsa kowa da abin da yake sayarwa. Ni kuwa sai na ɓuge da alli. Yayyena maza suna kirana mai sayar da iska, domin sun taɓa jin ina gaya wa yara cewa iska ma tana da nauyi. Ban damu ba. Kimiyya nake koyarwa a wata kwaleji da ke bakin unguwarmu, kuma ina son aikin, ko da yake ba na jin akwai ɗalibin da zai ce ina da sauƙin kai.

Na fara aiki a tsakiyar shekarun casa'in, lokacin da aji ke cika har yara su zauna a bakin taga. Da Faransanci ake koyarwa, kuma doka ce. Da an fita tsakar makaranta sai yara su koma Larabcin gari, in sun isa gida kowa ya koma harshen uwarsa. 'Ya'yan Hausawa ba su da yawa a birnin, amma a makarantarmu da ta unguwar Amrigebe da wuya a ga benci babu su. Ina gane su, su ma suna gane ni, sai dai a cikin aji mukan yi kamar ba mu san juna ba.

A farkon shekarun dubu biyu aka kawo mana wata irin jarrabawa da ba mu saba da ita ba. Aka ce ba ta ci ko faɗuwa ba ce. Makarantun gari duka za su yi ta, sannan a tattara takardun a zuba amsoshin a kwamfuta, domin a gano inda yara suka iya da inda suka gaza, fanni-fanni: wannan ya iya awo, wancan ya iya karanta zane, wancan kuma bai san yadda abu ke sauya hali in ya ji zafi ba. Ko amsar da ba daidai ba ma ba a zubar da ita. Kowane irin kuskure an ba shi lambarsa, don a san wane tunani ne ya kai yaro gare shi. Gaskiya abin ya burge ni. Na gaji da ba yaro maki kaɗan ba tare da na san takamaiman abin da ya rasa ba.

A ajin ƙarshe na kwaleji, wanda daga shi sai lise, wato babbar sakandare, ina da wata yarinya da nake ji da ita. Mahaifinta wani Alhaji ne da ya zo daga Kano 'yan shekaru kafin nan, yana sayar da kayan gyaran babur a Amrigebe. Ta shiga makarantar Faransanci a makare, saboda haka Faransancinta yana ɗingishi, amma kanta kam babu abin da ya same shi. Ita ce ta taɓa tsayar da ni a tsakiyar darasi ta ce, in dai zafi ne ke busar da ruwa, me ya sa randar da ke tsatstsafo ta fi bokitin roba sanyi? Darasin da na shirya ranar nan bai yiwu ba, a kan randa muka ƙare. Irin wannan yarinya malami kan yi shekaru bai samu ba, kuma ba na ɓoye cewa ina son ta.

Mahaifinta ya taɓa zuwa wurina tun farkon shekara, ya tsaya daga bakin ƙofa bai shigo ba.

"Malama, ni magana ɗaya ce da ni," ya ce. "In karatun nan zai kai ta ga haɗa magani ko aikin asibiti, to ga ta nan, na bar miki. In kuwa karatun labarai ne, labari muna da shi a gida. Gwaggonta na da shago a Kano, tana neman hannu."

Bai faɗi haka da mugunta ba. Mutum ne da ya saba ya ga abin da zai saya kafin ya saya. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ajin kimiyya za ta shiga a lise, ko ni ce zan ɗauke ta a ka in kai ta.

Sakamakon ya dawo ana tsakiyar zafin bazara. Kowace makaranta aka ba ta nata, sunan kowane yaro da fannonin a jere a gabansa. Gurbin ajin kimiyya kullum bai kai yawan masu so ba, sai daraktanmu, wato shugaban makarantar, ya ce bana da wannan sakamako zai yi amfani wajen zaɓe, duk da cewa ba don haka aka yi jarrabawar ba. Wanda aka ce ya gaza a fannin da ake ganin shi ne tushe, ajin adabi zai tafi. Na bi sunaye da yatsa har na iso kan nata. Awo ta iya, zane ta iya, lissafi ta iya. A fannin sauyin halin abu kuwa ba ta ci komai ba, kuma ga bayanin lambar kuskurenta a gefe: ɗalibin yana zaton duk abin da ya narke ruwa yake komawa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na shiga ofishin darakta ko sallama ban yi da kyau ba. Shi kuwa mutum ne mai sanyi, irin wanda in kana tafasa yake ƙara sassauta murya, abin da ke ƙara tunzura ni ke nan.

"Madam, zauna," ya ce. "Kafin takardar nan da me muke zaɓe? Da wanda ya san wani. Bana na samu ma'aunin da bai san ɗan kowa ba, kina so in ajiye shi saboda kina son yarinya ɗaya?"

Maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Na dai ce masa na san yarinyar nan, kuma ba ta zaton haka. Ya ce kafin babban hutu zai aika da sunaye, in ina da hujja in kawo.

Na kira ta bayan an tashi. Na tambaye ta abin da ta rubuta. Tambayoyi uku ne a fannin: kyandir da aka ɗora a wuta, man shanu da aka bari a rana, da dalmar da maƙeri ya zuba a kasko. A kowacce an ce a faɗi abin da ya zama. Ta ce a duka ukun ta rubuta eau, wato ruwan sha da wanka, maimakon liquide, kalmar da Faransanci ya ware wa duk abin da ke gudana.

"Ni na koya miki haka?" na ce. "Sau nawa na rubuta liquide a allo?"

Ta sunkuyar da kai. Na sallame ta, na kama hanyar gida ina faɗa ni kaɗai.

Na shiga gida na tarar an ɗauke wuta kamar kullum, Inna tana zaune a inuwar katanga tana fifita. Ko mayafi ban cire ba ta ce, "Ke Malama, kafin ki zauna ɗauke mini man shanun can daga rana. Kalas, shi ke nan, duk ya zama ruwa."

Na tsaya cak da kwanon a hannuna. Man ya narke, yana kai da kawowa a gindin kwano, rawaya shar. Inna ta fi shekara hamsin tana girki, babu ranar da ta taɓa zaton za ta dafa shayi da man shanu. Amma ruwa ta ce, kuma da ni ce ma haka zan ce. Ruwan lemo muke cewa, da ruwan nono, da ruwan zuma. Bahaushe bai raba kalmar ba, domin bai taɓa rikicewa a kanta ba. Faransanci ne ya raba ta biyu, ya kuma sa maki a kan rabon. Na ajiye kwanon a inuwa, na ce wa Inna gobe da sassafe zan fita.

Ofishin da aka tara takardun yana unguwar Mursal. Na shiga ƙaramar bas ta sauke ni a bakin kasuwa, na ƙarasa a kan kilando, wato babur ɗin haya. Wadda ke kula da alƙaluman wata mata ce 'yar kudu, siririya mai tabarau, tana lulluɓe kwamfutarta da zani in ba ta aiki. Na kwashe batun kalmar ruwa na gaya mata, ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba ko sau ɗaya.

"Madam," ta ce, "kowace malama da ta shigo ɗakin nan tana da yarinya ɗaya. Ni ba na aiki da yarinya ɗaya."

Na so in faɗa mata magana, na haɗiye. Na ce to kada ta yi aiki da ɗaya, ta yi da duka. Tunda kuskuren yana da lamba, ta tambayi injinta a ina lambar ta fi taruwa. In a ko'ina take daidai wa daida, zan tafi ba za ta sake ganina ba. Ta ɗaga tabarau ta dube ni, na ga maganar ta shige ta. Sai dai babu wuta, janareta kuma ba mai. Ta ce in dawo.

Na dawo, na sake dawowa, har mai gadin wurin ya fara gaishe ni kamar ma'aikaciya. Wata rana wuta, wata rana taro, wata rana ta tafi jana'iza. Ina gama darasin safe in ɗauki jaka in nufi Mursal cikin ranar da ke sa kwalta ta yi laushi. Yayyena suka ce mai sayar da iska ta buɗe reshe. Ban kula su ba. Na riga na ci alwashi, kuma duk sanda na shiga aji na ga yarinyar tana kwafar darasi kamar ba abin da ke faruwa sai in ji ƙafata ta ƙara ƙarfi.

Ranar da aka dace da wuta da lokaci, matar ta jawo mini kujera kusa da ita. Kuskuren yana nan warwatse a makarantu da yawa, amma a Ambasatna da Amrigebe ya yi tsibi. Na yi ajiyar zuciya, na ɗauka an gama. Ita kuwa sai a lokacin ta fara. Ta ce taruwar kuskure a unguwa ba ta nuna dalilinsa ba, wataƙila malaman unguwar ne ba su iya koyarwa ba. Ta faɗi haka tana kallon allon kwamfuta, ni kuma ina kallon gefen fuskarta ina ƙirga haƙurina. Daga nan ta yi abin da ni ban yi tunaninsa ba. Ta ware yaran da suka rubuta eau su kaɗai, ta bi amsoshinsu a wata tambaya can gaba, inda aka ce a zaɓi abin da zai sake daskarewa in an bar shi a ɗaki ya huce. Akasarinsu kyandir suka zaɓa, kuma daidai ne.

"Wannan bai haɗu ba," ta ce a hankali. "Yaron da ya yarda kyandir ya koma ruwan sha ba zai ce zai daskare a ɗaki ba."

"Abin da nake gaya miki ke nan tun ranar farko."

"A'a. Ke kin ce duka sun sani. Dubi nan." Ta nuna mini wasu da suka faɗi tambayoyin biyu gaba ɗaya. "Kalmarku ta rufe yara iri biyu, waɗanda suka sani suka rasa kalma, da waɗanda ba su sani ba da gaske. Injina ba zai iya raba su da kyau ba, tambaya ɗaya ba ta isa hujja ba. Ki samo hanyar da za ki raba su ba tare da kin ambaci liquide ba, ni kuma zan zo in gani da idona."

Wani abokin aikinta da ke teburin gefe yana ta saurare. Ya ce ai kuskuren ya ɓulla har a makarantun da babu Bahaushe ko ɗaya. Na ce masa ni harshena na sani, nasa kuma sai ya je ya saurari matarsa a kicin. Ya yi dariya, sannan ya ɗaga kai yana kallon silin.

Na yi ta juya tambayoyi a kaina, kowacce na ɗauko sai in ga ta ba yaro amsa a baki ko ta yi masa wuyar da ba ta da alaƙa da abin da nake nema. Ina tsugune da buta zan yi sallar la'asar abin ya faɗo mini. Babu ɗan Musulmin da ya zauna gaban malamin allo bai ji wane ruwa ake alwala da shi ba. Wanda launinsa ya canja, ko ɗanɗanonsa, ko warinsa, an ce a ajiye shi. Ashe tun suna ƙanana an koya musu raba ruwa da ruwa, a wata makarantar ce kawai aka yi, kuma da wani harshen.

Ranar da matar mai alƙaluman ta zo na kafa ganun, murhun gawayinmu na waya, a bayan ajujuwa ƙarƙashin darbejiya. Na jera gwangwanayen tumatir uku: ɗaya da guntayen kyandir, ɗaya da man shanun Inna, ɗaya da ƙanƙarar da na sayo wurin mai karkanji, wato zoɓo, a bakin makaranta. Matar ta zauna a benci da takardarta, darakta ya tsaya daga nesa ya harɗe hannu. Na bayyana musu mene ne alwala a taƙaice, na kuma nemi izinin yin Hausa da yara na wannan rana. Darakta ya ɗaga kafaɗa. Aka riƙa turo 'ya'yan Hausawan da suka rubuta eau ɗaya bayan ɗaya, don kada wani ya ji amsar wani.

Na farko ya zo. Na nuna masa kyandirin da ya narke, na ce, "Me ya zama?"

Ya zaro ido jin Hausa a bakina, ya waiwaya ya ga ko da wani nake. "Ruwa, Madam."

"Madalla. Azahar ta kusa, ga shi ka yi alwala."

Ya dube ni kamar na zautu. "Haba Madam! Da kyandir?"

"Kai ka ce ruwa ne."

"Ruwa ne, amma ai ba ruwan gaske ba ne."

Na nuna masa na ƙanƙara, ya ce wannan kam a ba shi. Ina fassara wa matar, tana rubutawa. Haka aka yi ta yi. Wasu suka fashe da dariya, wata ta ce in ji tsoron Allah. Amma ba duka ba. Akwai waɗanda suka ce in ya huce ana iya yi, domin a ganinsu akwai ruwa ɓoye a cikin kyandir, zafi ne ke fito da shi. Ɗaya ma ya ce zai kashe gobara. Wannan ya yi mini zafi, don ɗalibaina ne, shekara guda suna gabana ban san haka suke tunani ba. Matar ta sa musu alama dabam.

Da aka zo kan yarinyata, ta tsaya ta haɗa hannu a baya. Na yi mata tambayar, ta ce ruwa. Na ce ta yi alwala. Ba ta yi dariya ba.

"Madam, ruwan kyandir ne, ba ruwan rijiya ba. Kyandir ne dai har yanzu, tsayuwarsa ce kawai ya rasa. In kin sauke shi zai koma yadda yake. Wancan na ƙanƙara kuwa ba zai koma ba sai an kai shi firij."

Na fassara kalma bayan kalma. Matar ta ajiye biro ta tambaye ta da Faransanci, tunda ta san haka, me ya sa ta rubuta eau?

"Na san liquide, Madam," ta ce. "Amma a jarrabawa da Hausa nake tunani, sannan in juya. Da na juya ruwa, eau ne ya fara zuwa."

Na ɗauka daga nan sai murna. Ba haka aka yi ba. Matar ta ce makin ba zai canja ba, a takardar Faransanci eau kuskure ne, kuma alƙaluman sun riga sun shiga rahoto. Abin da ke hannunta shi ne a zagaye na gaba ta raba lambar kuskuren biyu, ta kuma ƙara tambayar da za ta bambance yaran. Ta juya ta gaya wa darakta a gabana cewa bayanin da aka liƙa wa yawancin yaran nan ba daidai ba ne, kuma tun farko ba a yi jarrabawar don zaɓe ba. Darakta ya saurare ta da ladabi. Bayan ta tafi ya ce mini sunayen sun wuce tun makon da ya gabata, lise ta matsa masa, gurabe sun cika. Hanya biyu ta rage wa yarinyar: ta tafi adabi, ko ta maimaita aji ta sake nema baɗi.

Abin da na faɗa masa a ofishin nan ba zan rubuta shi ba. Na fito idona ya kaɗa, na tare kilando na ce Amrigebe.

Na sami Alhaji a shagonsa tsakanin tayoyi da sarƙoƙi, yana auna wa wani bakanike baƙin mai. Ya sa aka kawo mini kujera da shayi. Na yi masa bayani tun daga farko, na ga yana gyaɗa kai irin na mai jiran a gama.

"Malama, ki taƙaita mini," ya ce. "Ta sani ko ba ta sani ba?"

"Ta sani."

"To me ya sa takarda ta ce ba ta sani ba? Ni na riga na aika wa gwaggonta."

Na duba kantarsa. Na miƙa hannu na ɗauko wata jarka fara, na ce, "Alhaji, mene ne wannan?"

"Ruwan batir."

"To bismilla, ga kofi."

Ya karɓe jarkar da sauri. "Subhanallahi! Wannan ai ko tufa ya taɓa sai ya huda ta."

"Ka ce ruwa ne."

"Ruwa ne mana, amma..." Sai ya tsaya, bakinsa a buɗe.

"Abin da 'yarka ta rubuta ke nan," na ce. "Da kai aka ba takardar, da kai ma an rubuta a gaban sunanka cewa ba ka san ruwan batir da na sha ba."

Bakaniken ya tuntsire da dariya. Alhaji bai yi ba. Ya mayar da jarkar mazauninta, ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Daga ƙarshe ya ce shi ba zai yanke ba, a kira ta. Ta fito daga cikin gida, ya gaya mata a gabana: ko Kano, ko ta zauna aji ɗaya da ƙannen ƙawayenta har shekara ta zagayo, kuma daga wannan babu wata. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Zan maimaita, Baba," ta ce.

Ba adalci ba ne, kuma har yau ban ce adalci ba ne. Ta zauna a bencin da ta riga ta gama da shi, tana jin darussan da ta riga ta sani, ƙawayenta suna wucewa da sabon yunifom ɗin lise. Ni kuma na canja yadda nake fara shekara. Darasin farko nakan rubuta ruwa da Hausa a tsakiyar allo, in ja layi biyu daga gare shi, ɗaya zuwa eau, ɗaya zuwa liquide, sannan in tambayi sauran yaran yadda ake faɗi a gidajensu. Wani sufeton makarantu ya taɓa tarar da ni ya ce doka ta hana. Na ce na ji, ya tafi na ci gaba. Waɗanda suka yi zaton akwai ruwa a cikin kyandir kuwa na ware su na musamman, muka ƙone kyandir da yawa tare kafin su saki.

Da shekara ta zagayo darakta bai sake zaɓe da waccan takarda ita kaɗai ba, ko da yake bai taɓa cewa don ni ba ne. Ranar da aka liƙa sunaye a bangon ofis, Alhaji ya zo da kansa a kan babur, ya goyo yarinyar. Ba ya karanta boko, sai ya ce in nuna masa. Na ɗora yatsana a kan sunanta, ƙarƙashin ajin kimiyya. Ya ɗora nasa kusa da nawa, baƙin mai a ƙarƙashin farcensa, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Malama, kalmar nan," ya ce, "yaya ma take?"

"Liquide."

"Likid." Ya maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. "Shi ke nan? Iyakarta ke nan?"

Na ce iyakarta ke nan.

"Shekara guda ta 'yata," ya ce.

Ya gyara hularsa, ya taka babur ya tashi, ta hau baya ta riƙe rigarsa.